Tambaya Da Amsa: Gas Daga Ruwan Ƙazanta, Wai Matsi Ne Ke Tace Shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na taɓo maganar bayogas a fitowar da ta wuce, wato gas ɗin nan da ake samu in an rufe kashin shanu ko bahaya ko ruwan mayanka a tanki ya ruɓe ba tare da iska ta shiga ba, saƙo yake ta shigowa kamar ruwan Agusta, wasu ma da tsakar dare suke turowa sai kace ni ba na barci. Na ware waɗanda suka taru a kan magana ɗaya, maganar matsi. Sauran ku yi haƙuri, layi na zuwa kanku.

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne. A lakca malaminmu ya ɗan ambata cewa a Holan akwai wata hanya da ake rufe ruwan ƙazanta a tankin ƙarfe, a hana gas ɗin fita har ya matse kansa da kansa, wai in an buɗe sai a samu gas mai kyau kusan irin na bututu ba sai an tace ba. Bai yi bayani ba lokaci ya ƙare. Ni abin ya ɗaure min kai, ya za a yi matsi kawai ya tace gas? (Ɗalibi daga Samaru, Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminku gaskiya ya faɗa, kuma amsar tana shagon mai lemo na bakin get ɗinku. Je ka sayi lemon kwalba mai sanyi ka ɗaga shi sama ka duba kafin ka buɗe, ba za ka ga kumfa ba, ruwa ne lif. Kana cire marfin sai kaji fuss, kumfa ta taso. Ina wannan iskar take tun da? A narke take cikin ruwan, matsin da ke cikin kwalbar ne ya danne ta. Wani masani ɗan Ingila mai suna William Henry ne ya tsara wannan ƙa'idar tun 1803, cewa gwargwadon yadda ka matsa iska a saman ruwa gwargwadon yadda za ta narke a cikinsa, ka ninka matsi ta ninka narkewa.

To yanzu dawo kan bayogas. Wanda ake samu a ramin gida ko na gona ba gas ɗaya ba ne, gauraye ne. Kashi 55 zuwa 65 cikin 100 metan ne, shi ne mai cin wuta. Ragowar mafi yawa iskar kabon ce, irin dai ta cikin lemon nan, ba ta ci ba ta ƙonewa, cika wuri kawai take kamar tsakuwa a buhun shinkafa. Sai ɗan tururin ruwa da kuma iskar salfa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ita ce ke cinye ƙarfe da injin janareta. Sirrin duka shi ne waɗannan iskokin ba ɗaya suke da ruwa ba. Kabon na son ruwa, tana narkewa fiye da metan sau ashirin da wani abu. Iskar salfa ma ta fi kabon ɗin son ruwa. Shi kuwa metan kamar kyanwa yake, ba ya shiri da ruwa. Don haka in ka kulle bawul ka bar matsi ya hau, kabon da salfa sai su nutse cikin ruwan ƙazantar da ke ƙasan tankin, metan ya tsaya a sama kusan shi kaɗai.

Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne ba kwamfuresa. Ƙwayoyin halittar da ke cin ƙazantar su ne ke yin famfon, suna ci suna fitar da gas, gas ba hanyar fita, geji na hawa. Da farko mutane sun zaci matsin zai murƙushe su, amma ai dangin waɗannan ƙwayoyin an kamo su a ƙasan teku mai zurfin mita 2,600, inda matsi ya kai wajen bar 260. Bar shi ne ma'aunin, kowane zurfin ruwa mita 10 bar ɗaya kenan, tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu mai faci ke sa mata. Ramin bayogas na gida mai ƙubba kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na bar da ƙyar yake wucewa.

A 2011 wani mai bincike Ralph Lindeboom da abokan aikinsa, ciki har da Farfesa Jules van Lier, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Jami'ar Wageningen ta Holan. Sun zuba ƙwayoyin a ƙananan tukwanen ƙarfe suka kulle, matsi ya yi ta hawa har bar 90, kuma ba ƙwayoyin ne suka gaji ba, iyakar abin da aka yarda tukwanen su ɗauka kenan shi ya sa aka tsaya. Metan ya kai kashi 90 zuwa 95. Ƙwayoyin sun ɗan rage sauri da kusan kashi 30 amma ba su mutu ba. Akwai kuma wani kamfani na can Holan ɗin, Bareau, da ya ɗauki hanyar yana gwada ta a wajen bar 20. Kuma ba mamaki ace a Wageningen abin ya fito, don a can ne Gatze Lettinga ya ƙirƙiro tankin ruɓar da ruwan ƙazanta da ake kira UASB a shekarun 1970 wanda yau kamfanonin lemo da na sukari da na takarda a duniya ke tace ruwansu da shi. Sannan ƙasa ce da kusan kowane gida an ja masa bututun gas tun bayan da aka gano rijiyar gas ta Groningen a 1959, yanzu kuma sun rufe ta saboda girgizar ƙasar da haƙar take jawowa tana tsaga gidajen mutane, kaga dole su nemi gas da za su zuba a bututun.

Amma ƙanena kar ka je jarrabawa ka rubuta kashi 95 ka ajiye biro. Kabon ɗin nan da ta nutse ba ɓacewa ta yi ba, in ta narke a ruwa tsami take zama, su kuma ƙwayoyin da ke yin metan ba abin da suka tsana kamar tsami. Ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, in ya sauko ƙasa da 6.5 sai su fara ja da baya, su kuma 'yan'uwansu masu yin tsamin ba ruwansu ci gaba suke, tankin ya koma kamar kunun da ya kwana uku. Tambayi mama a gida, in abu ya yi tsami me take jefa masa? Kanwa. To nan ma haka ne, sai ruwan yana da isasshiyar "kanwarsa" da za ta riƙe tsamin. Abincin da aka ba ƙwayoyin a wancan gwajin na farko wani gishiri ne na sodiyam asitet wanda yana ruɓewa yana barin kanwarsa a ruwan, shi ya taimaka lambar ta yi kyau haka. Da aka koma abinci irin su sukari da sitaci abin bai zo da sauƙi ba. A Jami'ar Hohenheim ta Jamus da suka gwada da ruwan da aka tatso daga ciyawa da masara, sun ɗaga matsi daga bar 1 zuwa 9, metan ya tashi daga kashi 66 zuwa 75 ne kawai, pH kuma ya sauko daga 7.2 zuwa 6.5. Sai da suka je bar 50 sannan suka haura kashi 90.

Abu na ƙarshe da nake so ka riƙe, matsi ba ya ƙara yawan metan ko da lita ɗaya. Abin da ƙwayoyin suka samu suka ci shi ne iyakar abin da za su bayar. Matsi rarrabewa kawai yake, kamar mai sheƙar hatsi, ƙaiƙayi gefe tsaba gefe.

TAMBAYA: Oga Injiniya ina gaisuwa. Ni mai walda ne shekarata 17 a sana'ar, tankin ruwa da na mai ba irin wanda ban haɗa ba. Wani yaro ya nuna min bidiyon wannan abu a waya. Ina da duro na ƙarfe masu kauri guda huɗu, in na yi musu walda biyu-biyu na sa bawul, za su yi? Ka ban awo kawai. (Mai walda daga Gusau)

AMSA: Maigida, don girman Allah kar ka fara. Ba raina hannunka na yi ba, na san masu waldarmu, akwai wanda zai haɗa maka ƙofa ka rantse daga waje aka kawo ta. Amma tankin ruwa daban tankin matsi daban. Bari in ba ka awon da ka nema amma ta wata fuskar. Bar ɗaya kusan kilo ɗaya ne a kan kowane santimita murabba'i. Marfin duro mai lita 200 faɗinsa wajen santimita 57 ne, in ka buga lissafi filinsa ya kai santimita murabba'i 2,500. A bar ɗaya tak, tan biyu da rabi ke tura marfin nan. A bar 20 tan 50 kenan. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce fa. Wato ka ɗora tirela guda da fiye da rabin wata a kan marfin duro, ta ciki, dare da rana, sannan ruwan da ke ciki mai tsami ne ga salfa tana cin waldar a hankali inda idonka ba ya gani.

Ni da nake maka wannan wa'azin an taɓa yi da ni. Shekarun baya na haɗa ɗan ƙaramin tanki a bayan gida da shuɗin duron roba, kashin shanu na samo daga wani maƙwabci mai turke, na dama shi da ruwa daidai wa daida, na ja tiyo zuwa tub ɗin tayar tirela. Sati uku yana aiki lafiya lau, har shayi na dafa da shi ina ta cika baki. Ashe ɓawon da ke taruwa a saman kashin ya taso ya toshe bakin tiyon, ni kuma na yi tafiya kwana biyu, ga zafin watan Afrilu. Da na dawo na tarar duron ya kumbura ya yi tulu kamar cikin mai tagwaye, gindinsa ma ya daina zama a ƙasa yana lilo. Ina cikin neman filaya kenan sai naji fam! Marfin ya tashi ya doki kwanon ɗaki, abin da ke ciki kuma ya yi feshi har kan igiyar shanya, kuma ranar aka yi wanki, fararen kayan makarantar yara ne a jere. Uwargida ba ta ce min uffan ba, bokiti da sabulu kawai ta ajiye a gabana ta koma ɗaki. Wannan fa matsin da bai kai ko na tayar keke ba kenan, kuma roba ce. Da ƙarfe ne a bar 20 da ba ni ke rubuta wannan shafin ba.

Ka tuna abin da ya faru a birnin Benin na jihar Edo a 2024, mota ta zo shan gas na CNG, wato matsattsen gas da motoci ke sha, a gidan mai, tukunyarta ba ta kamfani ba ce haɗin walda ce, ta tarwatse ta raunata mutane. Tankin matsi na gaskiya ana lissafa kaurinsa tun a takarda, a duba waldar da na'urar hoto, a cika shi da ruwa a matsa fiye da abin da zai ɗauka a aiki kafin a yarda da shi, a sa masa bawul mai buɗe kansa in matsi ya wuce iyaka. Kuma ko ka samu tankin, ya za ka zuba masa abinci? Ba buɗe marfi za ka yi ka juye bokiti ba, sai famfo mai ƙarfin da zai tura ruwa cikin bar 20, irin wannan famfon kuwa ba ya son tauri ko yashi. Shi ya sa 'yan Hohenheim suka raba aikin gida biyu, tanki na farko ba matsi a nan ake jiƙa kayan su narke, ruwan da aka tace shi kaɗai ake turawa tanki na biyu.

In kana son shiga harkar bayogas akwai aikin da ya dace da hannunka kuma akwai kasuwa: tanki mai hula, wato duro a kife cikin duro yana hawa yana sauka da gas irin wanda Indiyawa suka daɗe suna yi, da murhu mai faɗin hanci don na gas ɗin silinda ramin jet ɗinsa ya yi wa bayogas ƙanƙanta, da 'yar tukunyar tace salfa. Wannan in ka turo lamba ta ofishin mujalla zan aiko maka da zane.

TAMBAYA: Injiniya ina wuni. Maigidana ya sa an gina mana ramin bayogas muna da shanu shida, alhamdulillahi yana ba mu wuta. Tambayata tunda ance in an matsa shi yana ƙara kyau, ba za mu iya ɗura shi a tukunyar gas ɗinmu ta da ba in kai wa mahaifiyata cikin gari? (Uwargida daga Maraɗi)

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya saka da alheri da tunanin mahaifiya. Amma ba zai yi ba, kuma dalilin ba na kuɗi ba ne. Gas ɗin da ake sayarwa a silinda wani iri ne daban, in an ɗan matsa shi kaɗan sai ya koma ruwa, shi ya sa in kika girgiza tukunyar kike jin yana motsi, kuma shi ya sa kilo 12.5 ke shiga 'yar tukunya. Metan ba ya komawa ruwa a zafin garinmu ko da me kika matsa shi, sai an sanyaya shi ƙasa da digiri 82 a ƙarƙashin sifiri sannan matsi ke iya mai da shi ruwa, in ba matsi kuwa sai wajen 162. Tukunyar kilo 12.5 cikinta bai fi lita 26 zuwa 30 ba. In aka ɗura mata bayogas a bar 10 kin samu lita 300 ko ƙasa da haka, murhu ɗaya kuma yana shan lita 200 zuwa 400 a awa. Kenan kuɗin mota za ki biya ki kai wa Inna wutar awa ɗaya, ko wake ba za ta dafa ba. Ga kuma danshi da salfa da za su ci tukunyar ta ciki. Motocin CNG da kike ji bar 200 ake ɗura musu a tukwane na musamman masu nauyin gaske, kuma gas ne tatacce busasshe.

Abin da za ki iya yi a gida don wutarki ta ƙara kyau mai sauƙi ne. A sa 'yar kwalba a inda tiyo ya fi yin ƙasa don ruwan da ke taruwa ya sauka ciki a riƙa zubarwa, in ba haka ba za ki ji wuta na tari tana ɗaukewa. Sannan a samu guntun fayif mai faɗi a cika shi da soson ƙarfe mai tsatsa ko dusar ƙarfe ta wurin masu walda, gas ya bi ta ciki, tsatsar na kama salfar. In ya yi baƙi ƙirin a canza. Sai dai a kula, in an fito da shi iska ta buge shi yana ɗaukar zafi har ya iya kamawa, a baza shi a ƙasa a fili nesa da kara da yara.

TAMBAYA: Malam Injiniya, mu nan Kano ruwan ƙazanta ai ba abin da muka fi shi. Ga Jakara ga kwatoci ga ruwan kamfanonin fata. Me zai hana gwamnati ta kawo wannan fasahar ta mai da shi gas kowa ya huta da tsadar silinda? Ko dai rashin kishi ne kawai? (Ɗan kasuwa daga Fagge)

AMSA: Alhaji, rashin kishi akwai shi a wurare da yawa amma a nan lissafi ne ya ƙi. Ruwa ya yi baƙi ya yi wari ba shi ke nuna yana da abinci ba. Akwai ma'aunin da ake auna ƙarfin ƙazantar ruwa da shi, COD ake ce masa, kuma kowane kilo ɗaya nasa iyakar metan da zai bayar lita 350 ne, ko a Jamus ko a Fagge. Ruwan kwata na gari wanda ya haɗa wanka da wanki da wanke-wanke yawanci rabin gram ne a lita. Kenan tankin lita 1,000 rabin kilo ke ciki, lita 175 na metan in komai ya tafi daidai. To ga inda gizo ke saƙar. Na ce metan ba ya son ruwa, amma ban ce ba ya shiga sam ba. A bar 20 ruwa lita 1,000 zai iya shanye metan wajen lita 500. Ka gani? Ruwan zai shanye duk abin da aka samar bai ma ƙoshi ba, gejin ba zai taɓa kai bar 20 ba, ka sayi tankin miliyoyi kana kallonsa.

Wannan hanyar ruwa mai kauri take so. Shi ya sa a Holan ake haɗa maganarta da masai irin na jirgin sama mai zuƙa da iska, wanda lita ɗaya ta ruwa ke isarsa a maimakon 6 zuwa 9 da muke kwararawa. A garin Sneek an sa wa gidaje 32 irinsa tun 2006 don a raba bahaya da ruwan wanka. Ruwan da ke fitowa daga irin wannan masai yana kai gram 10 a lita, ninki ashirin na ruwan kwata kenan, kuma fitsarin da ke ciki yana sakin amoniya wadda ita ce kanwar da na yi wa ɗalibin Samaru bayani. Amma ko a nan sai an bi ruwan da ya fito daga tanki an sauke masa matsi a wani ɗaki na biyu an kama gas ɗin da zai taso, don in aka sake shi haka nan metan ɗin da ya narke sama zai tafi, shi kuma wajen ɗumama duniya ya fi kabon sau 28 a lissafin shekara 100. An yi ba a yi ba kenan.

Ruwan kamfanonin fata na Calawa da Sharaɗa kuma wata matsalar ce daban. Yana da kauri kam, amma akwai sinadarin kuromiyam da ake jima da shi, ga gishiri ga salfa mai yawa, duka suna kassara ƙwayoyin da ke yin metan, har ma akwai wasu ƙwayoyin masu cin salfa da ke ƙwace musu abinci su mai da shi warin ƙwai. Sai an raba ruwan tun daga cikin kamfani kafin a yi maganar gas.

Ni a ganina in da gaske ake, abbatuwa ce wurin farawa. Jini da tumbi da ruwan wankin nama kullum a wuri ɗaya, mai kauri, ba sai an bi gida-gida ba. Sai kuma motocin kwasar masai, duk da shi wanda ya shekara a sokawe ya riga ya ruɓe ya saki gas ɗinsa tun a rami, ga leda da yashi da ƙyalle. Kuma a fara da tanki na yau da kullum mara matsi, a haɗa da janareta a ba wurin wuta da ruwan zafi. A Ashaiman ta Gana akwai Safisana da ke haɗa bahayan masai na jama'a da sharar kasuwa suna samar da lantarki da taki, ba wani matsi. Shi gas mai kashi 90 amfaninsa sai inda akwai bututun da za a zuba shi ko motocin da za su sha, janareta da murhu ba su damu da kashi 60 ba in dai an cire salfa da danshi. Ranar da motocin CNG suka yi yawa a Kano, to a lokacin maganar matsi za ta zama abin zama a yi lissafi, don gas ɗin da ya fito da bar 20 a jikinsa ya riga ya rage wa kwamfuresa aiki.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina yaro aka yi abin tafkin Nyos, har yau manya na ba da labari. Da na ji kana cewa kabon na narkewa a ruwa in an matsa sai gabana ya faɗi. Ba irin abin nan ba ne? (Dattijo daga Ngaundare, Kamaru)

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ka gano shi sarai, ƙa'idar ɗaya ce. Tafkin Nyos na can Kamaru zurfinsa wajen mita 200 ne, wato a ƙasansa matsi kusan bar 20, daidai da tankin da muke magana. Kabon na tsatsowa daga dutsen wuta da ke ƙarƙashi tana narkewa a ruwan ƙasa shekara da shekaru, nauyin ruwan sama ya zama marfin kwalba. Daren 21 ga Agusta 1986 ruwan ƙasan ya motso sama, matsi ya sauka, iskar ta fito gaba ɗaya, kuma da yake ta fi iskar shaƙa nauyi sai ta bi kwari ta kwanta a kan ƙauyuka. Mutum sama da 1,700 suka rasu da dabbobi wajen 3,500, da yawa shanun Fulani ne. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanyar. Allah ya jiƙansu. Daga 2001 aka fara kafa bututu a Nyos yana fitar da iskar a hankali, aka ƙara biyu a 2011.

Tafkin Kivu da ke tsakanin Ruwanda da Kwango kuwa ya fi kama da tankin namu, don shi ban da kabon akwai metan mai yawa da ƙwayoyin halitta suka samar a ƙasansa. Ruwanda na jawo ruwan ƙasan ta bututu, yana hawowa matsi na raguwa gas na fita, a wanke shi a tura tashar lantarki ta KivuWatt mai megawat 26.

Tanki dai ba tafki ba ne, abin da ke cikinsa kaɗan ne, amma a rufaffen ɗaki kaɗan ɗin ya isa. Shi ya sa inda ake sauke wa ruwan matsi dole ya zama a fili ko da na'urar jan iska da ƙararrawa. Kuma Baba ka ja wa matasa kunne kan abin da ya fi kusa da mu, shiga sokawe ko tsohuwar rijiya. Iskar salfa in ta yi yawa hanci daina jin warinta yake, mutum ya zaci ta tafi, sai ya faɗi, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. In wani ya faɗi a rami kar kowa ya bi shi sai da igiya a ƙugu da mutane a sama, kuma kar a leƙa da ashana ko fitilar kwai don metan in ya kai kashi 5 zuwa 15 a cikin iska tashi yake.

TAMBAYA: Injiniya tsakani da Allah, abincin da aka dafa da gas ɗin masai ba ya wari? Kuma ya matsayin tsarkinsa? (Amarya daga Azare)

AMSA: Amarya ba kya laifi. Shi metan ba shi da wari ko kaɗan, kuma wanda ya fito daga masai da wanda aka haƙo a Neja Delta abu ɗaya ne sak, in aka kai su ɗakin gwaji ƙwayarsu iri ɗaya ce. Warin da ake ji kafin a kunna na salfa ne, soson ƙarfen da na faɗa wa Hajiyar Maraɗi na rage shi, in kuma wuta ta kama shuɗiya to metan ya ƙone ya zama kabon da tururi, tuwonki ba zai ɗauki komai ba, hayaƙin itace ma ya fi shi kama abinci. Maganar tsarki kuwa fagen malamai ne, akwai babin da suke kira istihala, wato abu ya sauya daga asalinsa ya zama wani abu daban. Ki kai wa malamin unguwarku tambayar, ki gaya masa yadda na bayyana, cewa iska ce ke bi ta tiyo ba ruwan ramin ba, kuma ƙonewa take a ƙarƙashin tukunya.